Marigayin Ɗakin Sama

"Allah ya jiƙansa, ai ya rasu," in ji mai sayar da littattafan, bai ko ɗago kai daga wayar da yake latsawa ba. "Shi ya sa littafin ke tafiya. In za ka saya ka saya, Baba, saura kaɗan."

Mai Hoto ya miƙa wuya. Yana tsaye ne a bayan tsohon da ake wa maganar, riƙe da ledar magungunan da suka karɓo daga asibiti, kuma ta saman kafaɗarsa yana hangen abin da yake kallo. Bayan wani littafi ne mai shuɗin bango. Akwai hoto a jiki, hoton da Mai Hoto ya sani kamar yunwar cikinsa, don shi ya ɗauke shi da hannunsa a shagonsa. Ga labulen nan mai ruwan toka, ga gilashin tsohon da ya ɗan karkace. Sai dai yanzu an zagaye hoton da baƙin layi mai kauri, an kuma rubuta "Marigayi" a gaban sunan.

"Wa ya rasu?" tsohon ya tambaya a hankali.

"Marubucin mana."

"Yaushe?"

"To ni ina na sani? Ba a gayyace ni jana'izar ba."

Tsohon ya ɗaga littafin ya kara shi a gefen fuskarsa. "Dube ni da kyau, ɗana."

Mai littattafan ya ɗago. Ya dubi hoton, ya dubi tsohon, ya sake duban hoton. Na cikin hoton yana da kumatu da cikakken gemu. Na tsaye a gabansa kuwa ciwo ya zuƙe shi, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Wallahi kun yi kama," ya ce. "Yayanka ne?"

"Kai, shi ne fa!" Mai Hoto ya daka masa tsawa. "Shi ya rubuta littafin nan. Wa ya ba ku izinin bugawa?"

"Malam, ni kaya aka kawo mini na sara. Kar ka ɗaga mini murya a gaban masu saye."

Tsohon kuwa hankalinsa na kan abin da ke hannunsa. Ya buɗe littafin daga baya, yana bin shafukan da ɗan yatsa. Takardar sirirya ce, tawadar ta dushe a wasu wurare. Da ya kai shafin ƙarshe sai ya tsaya cak. Labarin ya katse ne a tsakiyar jimla, a ƙasa kuma an sa wasu layuka biyu da ƙananan baƙaƙe: a nan marubucin ya tsaya, ajali ya riske shi kafin ya kammala.

"Babin ƙarshe babu," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Sun bar matar labarin a tsaye."

Baban Sama ake ce masa a layin, saboda shi ke haya a ɗakin da ke saman shagon Mai Hoto. Tsohon mai sayar da tikiti ne a tashar jirgin ƙasa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tilo tana aure a wani gari mai nisa. Da ya yi ritaya, maimakon ya nemi benci a bakin titi ya yi ta gyangyaɗi kamar sa'o'insa, sai ya nemi biro da takarda. Shekaru ya kwashe yana rubutu yana yagewa. Matar Mai Hoto takan ce da takardun da Baban Sama ya yaga da an nannaɗe kayan kasuwa guda.

Littafi ɗaya tak ya fitar. Labarin wata mata ce da mijinta ya hau jirgi ya tafi neman aiki bai dawo ba, ita kuma kullum sai ta je tasha ta tsaya tana duba fuskokin masu saukowa. Duk wanda ya zauna da Baban Sama ya san mahaifiyarsa ce wannan matar, shi ne kuma yaron da ke riƙe da gefen zanenta. Da kuɗin sallamarsa ya buga littafin. Aka kawo kwalaye aka jibge masa a ɗaki har suka tare rabin taga. Ya sayar da 'yan kaɗan, ya yi kyauta da wasu, sauran suna nan suna shan ƙura. Ya riga ya haƙura cewa littafinsa bai karɓu ba. Ashe ya karɓu, a hannun wasu ne kawai.

A hanyar komawa gida Mai Hoto ya yi ta faɗa shi kaɗai. "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Baba, wallahi ba za mu yarda ba."

"Wani ne ya samu kwafin da shafukansa na ƙarshe suka yage," in ji tsohon. "Ya ga ba ƙarshe, sai ya kashe ni don ya huta da tambaya."

Ya yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari.

Da farko sun ɗauka abin mai sauƙi ne. Ai akwai ofishin da ke kula da haƙƙin mallakar marubuta. Mai Hoto ya rufe shago da hantsi, ya raka shi. Suka hau matakala, tsohon na hutawa a kowane kwana. Ma'aikaciyar da suka tarar mai kirki ce, har ta kawo wa tsohon ruwa. Ta juya littafin na jabu gaba da baya.

"Baba, wa kake ƙara?"

"Wanda ya buga."

"Waye shi?"

"Abin da na zo ku gaya mini ke nan, 'yata."

Ta nuna masa shafin farko. Babu sunan maɗaba'a, babu adireshi, babu lambar waya. "Mu in ka kawo mana mutum, mun san yadda za mu yi da shi. Amma ba mu da mota ko ma'aikatan da za su bi kasuwa rumfa-rumfa." Ta rubuta sunansa a kwamfuta don ta duba. Mai Hoto ya ga fuskarta ta canja. Ta juyo da kwamfutar suka gani: hoton nan ne dai, a shafuka daban-daban, a ƙarƙashinsa mutane sun yi ta zuba addu'o'i. Allah ya haskaka kabarinsa. Allah ya sa ya huta. Wata ta rubuta cewa ta yi kuka har kanta ya yi ciwo.

"Baba," ma'aikaciyar ta ce a hankali, "in kai magajinsa ne, hanyar daban ce."

"Ni ne shi."

Ta dube shi ta ɗan jima. Sannan ta janye kujerarta baya kaɗan, kaɗan ƙwarai, amma Mai Hoto ya gani.

"To ka kawo mana shaida," ta ce. "Da sabon hoto, wanda za a ga na yanzu ne."

Daga nan suka je wurin wani lauya, surukin Mai Hoto. Shi bai ɓoye musu komai ba. Ya ce gaskiyar Baban Sama a fili take kamar rana, doka tana bayansa ɗari bisa ɗari, amma kotu ba ta sammacin iska. Ko an kamo mai rumfa, zai ce shi ma sayowa ya yi. Kafin a kai ga mai bugawar, abin da za a kashe ya ninka abin da littafin zai taɓa kawowa, shari'ar kuma tana iya jan shekaru.

"Shekaru," in ji Baban Sama. Ya dubi ledar maganinsa.

Mai Hoto ne ya ƙi haƙura. Ya yi ta zarya wurin mai littattafan, yau da lallashi gobe da barazana, har mutumin ya gaji ya ce su duba wani lungu a bayan layin masu walda, can motar da ke kawo masa kaya take fitowa. Suka je da rana tsaka. Lungun shiru, ko kaza babu. A ƙarshensa akwai wani dogon ɗaki mai ƙofar ƙarfe a buɗe. Warin tawada ya tare su tun daga bakin ƙofa. Ciki kuwa wayam. Injinan an kwashe, sai ramukan ƙusoshi a siminti da baƙin mai da ya malale.

Mai Hoto ya fara takawa ya ji takarda a ƙarƙashin takalminsa. Ya duba. Manyan takardun bango ne da ba a yanka ba, kowacce ɗauke da fuskar Baban Sama a jere, sahu-sahu, duk cikin baƙin layi. Wasu an tattake su, sawun takalmi a kan goshi da baki. Da ya ɗaga kai sai ya ga an lilliƙe fasassun tagogin ɗakin da irin takardun nan. Rana na dukan su ta baya, fuskokin suka yi haske, duk suna kallon cikin ɗakin da murmushin nan ɗaya da Mai Hoto ya sha wahala kafin ya samu ranar ɗaukar hoton.

Baban Sama ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana juyawa a hankali, yana duban kansa ta kowace kusurwa.

"Ashe ina da yawa haka," ya ce.

Wata tsohuwa ta leƙo da tsintsiya a hannu, da alama ita ke share wurin. Mai Hoto ya gaishe ta ya tambayi masu ɗakin.

"Sun tashi," ta ce. "Dare ɗaya suka kwashe. Haka suke, ba sa daɗewa a wuri."

"Ina suka koma, Inna?"

Idonta ya sauka a kan tsohon, ya koma kan taga, ya dawo kan tsohon. Tsintsiyar ta faɗi. Ta ja da baya tana motsa leɓe, ta juya ta bi lungun da saurin da bai dace da shekarunta ba.

"Inna, tsaya mana! Mutum ne!"

"Ƙyale ta," in ji Baban Sama. "Ta fi mu gaskiya. Kullum ni take sharewa."

Tun daga ranar wani abu ya sauya a jikinsa. Ba ciwon kaɗai ba. Ya rage magana, tafiyarsa ta zama ba sauti. Da can Mai Hoto kan ji takunsa a kan rufin shago ya san ya tashi, ya san ya je taga. Yanzu sai dai ya waiwaya ya gan shi tsaye a bakin ƙofa, ba sallama, ba motsi, har gabansa ya faɗi.

"Baba, ka riƙa yin gyaran murya mana."

"Na yi. Ba ka ji ba ne."

Abin bai tsaya a takarda ba. Wata rana da yamma matar Mai Hoto tana wanke-wanke a tsakar gida, ta jingina wayarta a bakin famfo tana sauraron wani labari da ƙawarta ta turo mata. Muryar da ke karantawa ba ta mace ba ce, ba ta namiji ba, ba ta numfashi, ba ta tari, ba ta tuntuɓe a kan kalma. Mai Hoto na gyara fitilar shago ya ji jimlolin kamar ya san su. Kafin ya fito, sai ya ji wata murya daga saman matakala tana bin na'urar kalma da kalma, har tana riga ta. Baban Sama ne a tsaye, riƙe da ƙarfen matakala, ido a rufe.

Matar ta kashe wayar da jiƙaƙƙen hannu. "Wayyo Baba, wallahi ban sani ba naka ne."

"Bar shi ya ci gaba, 'yata. Ina so in ji inda zai tsaya."

Ta kunna. Suka tsaya su uku har muryar ta kai tsakiyar jimlar nan ta yanke. Sannan muryar ta ce, a sanyaye, a taimaka wa marubucin da addu'a.

Mai Hoto ya kai ƙorafi ga masu shafin ta waya. Aka sa shi cike wannan, aka sa shi tura wancan. Bayan an ja rai aka sauke karatun. Bai gama murna ba matarsa ta nuna masa wasu guda biyu sun ɓullo da wasu sunaye. Ka toshe wannan rami, ɓera ya fito ta wancan.

A cikin kwanakin ne 'yar Baban Sama ta kira wayar Mai Hoto tana kuka kamar ranta zai fita. Wata maƙwabciyarta ce ta shigo yi mata gaisuwar rashin uba.

"Yaya, ka gaya mini gaskiya! Ɓoye mini kuka yi?"

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Ga shi nan yana shan shayi."

Ya miƙa wa tsohon wayar. Baban Sama ya yi ta cewa, "Ni ne, uwata. Ni ne mana." Can ya saurara, sai ya ce, "To tambaye ni abin da ni kaɗai na sani." Mai Hoto ya fita ya ba su wuri.

Washegari tsohon ya sauko da kwafin littafinsa na gaskiya. Ya buɗe babin ƙarshe ya ajiye a kan na'urar kwafi ta shagon.

"Buga mini wannan da yawa."

"Me za ka yi da su, Baba?"

"Kuɗin sun ci, Allah ya isa. Sunan ma su riƙe. Amma ba zan bar mahaifiyata tsaye a tasha a hannun mutane ba. A babin nan ne ta koma gida."

Mai Hoto ya buga, ya ɗinke su da ƙusar takarda. Daga ranar Baban Sama ya samu aiki. Da safe sai ya sa hularsa, ya rataya jaka, ya bi rumfunan littattafai. Yakan tsaya kamar mai dubawa, ya buɗe littafin jabun daga baya, ya zura babin ƙarshe a ciki, ya mayar ya ajiye. Wasu masu rumfar suka gane shi suka riƙa kau da kai. Wasu suka kore shi. Wani ya fizge jakar ya watsar da takardun a kwata, tsohon ya durƙusa ya tsince waɗanda ba su jiƙe ba.

Mai Hoto ya yi faɗa, matarsa ta yi roƙo, likita ya ce ya kwanta. Duk a banza.

Sai ga wani rubutu ya fara yawo a waya. Matar Mai Hoto ce ta gani, ta rasa yadda za ta faɗa, ta miƙa wa mijinta. Wani mai kishin littafin ne ke gargaɗin jama'a: akwai wani tsoho mara tsoron Allah da ke yawo kasuwa yana cusa ƙarshen ƙarya a littafin marigayi. Salon ma ba ɗaya ba ne, in ji shi, duk mai hankali zai gane. A bar bawan Allah ya kwanta lafiya.

Sun so su ɓoye masa, amma ya riga ya ji a kasuwa. Ya dawo da wuri ranar, ya zauna a kan bencin shago yana haki.

"Wai salon ba ɗaya ba ne," ya ce. Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga. "Ka san wani abu, ɗana? Jiya na karanta babin da kaina. Har na fara shakka."

"Baba, ka daina irin wannan magana."

"Tashi ka ɗauke ni hoton nan da suka ce. Mu ga ko zan fito."

Mai Hoto ya ja labulen mai ruwan toka, ya kunna fitilu. Ya aika aka sayo jaridar ranar, ya ba tsohon ya riƙe a ƙirji don a ga kwanan wata. Ya leƙa ta kyamara. Shekara da shekaru yana wannan sana'a, ya ɗauki jarirai masu tsala ihu, ya ɗauki 'yan makaranta da ba sa zama wuri ɗaya, amma bai taɓa gamuwa da hoto irin na ranar ba. Ya ɗauka ya duba. Jaridar ta fito tar, har ƙananan baƙaƙen ana karantawa. Fuskar kuwa ta yi hazo, kamar an shafa mata yatsa.

"Ka motsa, Baba. Mu sake."

Suka sake. Suka kuma sakewa. Mai Hoto ya gaya wa kansa cewa rawar da kan tsohon ke yi ce, wadda ido bai cika kamawa ba. Ya ƙara haske, ya sauya gilashin kyamara. A ƙarshe ya samu guda ɗaya da ta ɗan fito, sai dai idanun a lumshe suke.

"Nuna mini."

"Bari in wanke tukuna. Gobe."

Tsohon ya dube shi ya yi murmushi, bai matsa ba. Ya miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa ya juyo. "In kun ci abinci ku hawo kai da mai ɗakinka. Ba ku taɓa jin ƙarshen daga bakina ba."

Suka hau kafin rana ta faɗi. Ɗakin na warin magani da tsohuwar takarda. Matar ta zauna a bakin gado, Mai Hoto ya zauna a kan kwali. Baban Sama na cikin kujerarsa mai hannu, kusa da rabin tagar da kwalaye suka bari. Bai buɗe littafi ba, da ka ya karanta. Muryarsa na yankewa, yana tsayawa ya yi tari, ya kurɓi ruwa, ya koma baya ya gyara kalma.

A babin, matar ta je tasha kamar kullum. Jirgi ya zo, mutane suka sauko, ta duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai ɗanta ya ja zanenta ya ce ƙafarsa na ciwo. Ta dube shi, ta ga takalminsa ya matse shi har yatsa ya huda gaba, ita kuma ba ta san yaushe ya yi wannan girman ba. Ba ta jira jirgi na biyu ba. Ta goya shi duk da ya wuce goyo, ta kai shi gida, ta jiƙa masa ƙafa a ruwan ɗumi. Daga ranar ba ta sake zuwa tasha ba.

Matar Mai Hoto na share hawaye da gefen mayafi. "Shi ke nan, Baba? Mijin bai dawo ba?"

"Bai dawo ba. Ita ce ta dawo."

Da safe Mai Hoto ya hau masa da shayi da burodi. Ya yi sallama, shiru. Ya tura ƙofar. Tsohon na nan cikin kujerar yadda suka bar shi, hula a kai, jakar a kan cinya cike da takardu, kamar mai shirin fita. Hasken safiya ya sauka a rabin fuskarsa. Mai Hoto ya tsaya da kofi a hannu yana kiran "Baba, Baba," a hankali, don a 'yan kwanakin nan ya saba ganinsa haka, shiru ba motsi, sannan ya buɗe ido. Sai da ya taɓa hannunsa.

Mutanen layin ne suka kai shi makwancinsa, su da wasu tsofaffi biyu da suka yi aiki tare a tasha. 'Yarsa ta iso bayan an dawo. Ba ta yi kuka irin na waya ba. Ta ce wa Mai Hoto, "Yaya, na riga na yi kukan. Yanzu na nema na rasa." Sannan ta zauna a matakala ta haɗa kai da gwiwa.

Mai Hoto ya ga ya kamata masu karatu su sani. Ya rubuta sanarwa a waya, ya sa sunan, ya ce jiya Allah ya yi wa marubucin rasuwa a ɗakinsa bayan jinya. Amsoshi suka fara shigowa. Wani ya ce tsohon labari ne. Wata ta ce a ji tsoron Allah a daina neman suna da mamaci. Wani ya turo hoton bangon mai baƙin layi a matsayin hujja. Mai Hoto ya fara rubuta amsa, ya goge. Ya sake farawa, ya goge. Ya kife wayar a kan tebur.

Ma'aikaciyar ofishin ma ta kira, da kirkinta, ta ce an duba maganar, ana so marubucin ya zo da kansa.

"Ya rasu," in ji Mai Hoto.

"To," ta ce a hankali. "Dama haka aka rubuta a nan."

'Yar ta kwashe kwalayen littattafan ta ce za ta ajiye a gidanta, ko da ba ta san me za ta yi da su ba. Mai gidan haya na son ɗakinsa, don haka aka sauko da sauran kayan bakin titi ana jiran motar da za ta ɗauka: gado, tabarma a naɗe, 'yar tukunya, da kujerar mai hannu. Motar ta yi latti. Hadari ya haɗo, masu dakon kayan suka ruga suka rufe gadon da leda, ledar ba ta kai kan kujerar ba.

Mai Hoto na tsaye a ƙofar shagonsa lokacin da aka fara yayyafi. Katifar kujerar ta lotsa a tsakiya, daidai girman mutumin da ya daɗe yana zama a cikinta. Ruwan ya riƙa taruwa a lotsawar, ɗigo bayan ɗigo, har ya cika ta. Da aka ɗauke, ruwan ya kwanta lum, tagar ɗakin sama ta fito a cikinsa a buɗe.